Lambatun Baba Sule

Ko daga barci aka tashe ni zan iya kawo labarin ranar da Madam Rahila ta zo shagona na Gyadi-Gyadi, don ranar ba ta taɓa barin raina ba. Wata Laraba ce cikin bazara, zafi ya kai inda gam ɗin da nake liƙa robar mariƙin sanda da shi yake bushewa kafin in gama shafawa. Ta sauko daga adaidaita sahu da tarin littattafan ɗalibanta a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana harar sandunan da na jera a bango, sai ka ce su suka yi mata laifi. Daga baya na gane kusan hakan ne.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, amma a filin golf kowa Furo yake ce min, wato ƙwararren da kulob ya ɗauka ya koyar da mambobi, ya kuma kula da masu ɗaukar jaka. Ni ma da ɗaukar jakar na fara. Na zama ƙwararre, na yi shekaru ina bin gasa gari-gari, da gwiwata ta fara ba ni shawara sai na ji maganarta na dawo gida. Shagon kuwa na gyaran sanduna ne da sayar da na gwanjo. Maƙwabtana masu faci da masu walda har yau gani suke sandunan kashe maciji nake sayar wa masu kuɗi. Ina ba da labarin nan ne saboda ku da kuka shigo aikin a bayanmu, masu koyarwa da masu jaka duka.

Mijin Madam Rahila shi ne Mista Ayuba, mutumin kudancin Kaduna, mataimakin darakta a wani ofishin gwamnatin tarayya, gidansu a Tarauni. Da girmansa ya shigo golf, ni na koya masa yadda ake riƙe sanda. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, ya san sunan kowane mai jaka da sunan ƙauyensu. Aibinsa ɗaya: in abu ya shiga kansa, to ya shiga.

Muka gaisa, na ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Malam Habu, kai ne za ka sa masa hannu?" in ji ta.

Na ce, "Hannu a ina, Madam?"

"Au, bai gaya maka ba? Aiki zai bari. Ƙarshen watan nan zai miƙa takardar ajiye aiki, wai zai zama ƙwararre irinku, ya riƙa bin gasa. Yara biyu a jami'a, auta a sakandare, albashina na koyarwa ko cefane ba ya kai mu ƙarshen wata. Na yi magana, fasto ya yi, yayansa ya taso tun daga gida ya yi. Ya ce duk cikinmu ba wanda ya san wasan. To kai ka san wasan. Don Allah ka ƙi sa hannun."

Bari in yi bayani saboda na waje. Mai buga golf don sha'awa ba ya wayar gari ya ce shi ƙwararre ne. Akwai gwaji na kwanaki da ake yi, kuma kafin a karɓe shi a gwajin sai wani ƙwararre ya sa hannu cewa ya isa. Abin da ake dubawa shi ne handikaf, lambar da ke nuna yawan bugun da mutum ya saba ƙarawa a kan wanda aka ƙayyade wa fili. In lambar ƙarama ce, ɗan wasan babba ne. Ta Mista Ayuba ta sauko daga sha biyu zuwa biyu cikin abin da bai cika shekara biyu ba, ya ci kofin kulob har sau biyu, hotonsa yana bangon zauren mambobi. A lissafi dai ya isa.

Na ce mata, "Madam, in na ƙi, mota zai hau ya tafi wani gari, wani ya dubi lambar ya sa masa. Kin ga ya bar aikin, ni kuma na rasa bakin yi masa magana. Ki ba ni zuwa ƙarshen watan."

"Ka yi min alkawari?"

"Na yi alkawarin zan yi iyakar ƙoƙarina."

Ta tafi ba ta gamsu ba, na ga hakan a tafiyarta.

Ni na san abin da yake shirin faɗawa ciki, don a nan na ƙare ƙuruciyata. Mambobi suna ganin ƙwararru a talabijin cikin fararen kaya ana tafa musu, sai su zaci haka abin yake ko'ina. A ƙasar nan ƙwararre motar haya yake hawa zuwa kudu da jakarsa a kan cinya, don in ya bari aka sa ta a but, wani zai ɗora mata buhun albasa. Mu huɗu muke kama ɗaki ɗaya, wanda ya fi shekaru ya hau gado. Ana buga kwana biyu sai a ja layi, waɗanda suka faɗo ƙasansa su tattara su koma gida hannu wofi, kuɗin mota da na masauki da na mai jaka duk a wuyansu. Gasar ma ba kullum ba. Sai ka yi watanni kana shiri, a ce wanda ya yi alkawarin ɗaukar nauyi ya fasa. Na ga samarin da suke tura ƙwallo inda ido ba ya kaiwa sun koma tuƙa adaidaita, kuma waɗannan tun suna ƙanana suke wasan. Mista Ayuba kuwa ya doshi hamsin, ga hawan jini, ga gida a kansa.

Amma akwai abin da ya fi wannan yi min ƙaiƙayi. Na san bugun Mista Ayuba kamar yadda na san hanyar gidana. Bugu ne mai kyau, na mai handikaf goma ko sha ɗaya, kuma daga nesa bai canja ba. Duk saukar lambar a kusa da rami ta faru. Mutumin da a da sai ya buga uku ƙwallo take faɗawa, yanzu ɗaya yake yi, in abin ya yi tsanani biyu. Shi ya ce fota ce. Fota ita ce sandar da ake gangara ƙwallo da ita zuwa cikin rami, kuma a wurina ya sayi tasa, wata mai faffaɗan kai kamar dutsen guga da ta zo cikin kayan gwanjo. Ranar da zai saya na gaya masa tsohuwarsa ba ta da laifi, hannu ne ke jefa ƙwallo ba ƙarfe ba. Ya ce ya ji, ya ɗauke ta ya tafi. Ba a jima ba ƙwallayensa suka fara faɗawa, ya riƙa tsokanata a gaban mutane, "Furo, hannu ne ko ƙarfe?" Mambobi suka yi ta zuwa shago neman irinta. Na sayar da duk wata mai faffaɗan kai da nake da ita, ba wanda lambarsa ta motsa.

Filinmu ba irin na talabijin ba ne. A can ciyawa ce lallausa kewaye da rami. Mu ruwa bai ishe mu shayar da irin wannan ba, don haka yashi ne aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, muna ce masa birawun. Da yake ƙafa tana ɓata shi, doka ta yarda kafin mutum ya buga, mai jakarsa ya ja wani katako mai dogon mariƙi tsakanin rami da inda ƙwallo take, ya share masa hanya sumul. Aikin ke nan, shara kawai. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaukar jaka ya san akwai wata sharar. In ka ja katakon kana ɗan karkata shi dama, ka dawo kana ɗan karkata shi hagu, sai tsakiyar hanyar ta yi ɗan kwari wanda ido ba ya gani daga tsaye. Ƙwallo in ta shiga ciki, ko an ɗan kauce, sai ta gyara kanta ta bi har rami. Masu jaka suna ce masa lambatu. Akan yi wa babban baƙo sau ɗaya a ramin ƙarshe, ya tafi gida da farin ciki, hannunsa ya saki. A gasa kuwa babban laifi ne, wanda aka kama korarsa ake yi daga fili, ba dawowa.

Ranar Asabar na ɗage darussana na bi ayarin Mista Ayuba, wai ina duba yanayin fili. Ban kalli bugunsa ba, hannun mai jakarsa na kalla. Baba Sule ke nan, dattijo da ya ba sittin baya, ya girme ni a aikin, yana zaune a gidan haya a Unguwar Gano. Ba a taɓa kawo min ƙararsa ba, ko ƙwallo ya tsinta a cikin ciyayi sai ya nemi mai ita. Ya ja katakon ya je, ya ja ya dawo, a natse, kamar mai tsananin kula da aiki. Ga wanda bai sani ba, ƙwazo ne. Ni kuwa tun a rami na biyu na gane lambatu yake yi. Ban taɓa ganin hannu irin wannan ba, da ba laifi ba ne da na tafa masa. A kowane rami ya yi, bai tsallake ko ɗaya ba.

Da aka tashi na ja shi bayan rumfar masu jaka, ƙarƙashin darbejiya.

"Baba Sule, tun yaushe?"

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun haihuwar Sa'adatu."

Sai ya ba ni labarin da ban sani ba. 'Yarsa Sa'adatu ta zo haihuwa jini ya ɓalle mata, asibiti suka ce a nemo jini, irin nata kuma mai wuyar samu ne. Ya kira duk wanda ya sani. Mista Ayuba ya baro taro a ofis ya zo, aka gwada nasa ya dace, ya naɗe hannun riga ya kwanta. Bai taɓa faɗa wa kowa a kulob ba.

"Furo, jinin mutumin nan ne a jikin 'yata," in ji shi. "Na kai masa zabi, ya ce in mayar wa mai jego. Me nake da shi da zan ba shi? Sai na lura in ƙwallonsa ta faɗa, farin cikinsa ya fi na ranar albashi. Na ce to, ga abin da Allah ya hore min."

Na ce, "Ka san aiki zai bari saboda wannan?"

Ya ɗago kai. "Wane aiki?"

Da na gaya masa, sai ya nemi gindin bishiyar ya zauna. Ya daɗe yana salati.

Dokar a hannuna take, na kuma san abin da ta ce. Amma na ga zan iya ceton ɗaya ba tare da na kashe ɗayan ba. Na ce wa Baba Sule ya huta ranar Litinin. Na sami Mista Ayuba na ce labari ya iso ni, amma ni ba na sa wa kowa hannu sai na zagaya fili da shi, rami sha takwas cif, kuma ni zan share mana hanya mu biyu. Ya yi dariya ya ce, "Furo, ka shirya shan kunya."

Ya ɗauki hutu a ofis, muka fita da safe. Na share masa hanya sumul, ja ɗaya, yadda doka ta ce. Ƙwallayen suka yi ta wuce rami ta dama da ta hagu, wasu su leƙa su ƙara gaba. Da muka gama ya ƙara bugu sha uku a kan na fili. Na koma gida ina ganin magana ta ƙare.

Amma ɗan golf ɗan golf ne. Washegari sai ga shi a shagona, ya rungumo fotar kamar mai kai jariri asibiti. Ya ce ya gano matsalar, zafi ne ya sa robar mariƙin ta saki, tana juyawa a hannunsa, in sa masa sabuwa. Ya ƙara da cewa rashin Baba Sule ma ya taɓa shi, don ya saba da shi. Sannan ya nuna min a wayarsa wasu sanduna da zai yi odarsu daga waje da kuɗin sallamarsa, siraran nan na ƙwararru, waɗanda in ba ka bugi ƙwallo da tsakiyarsu daidai ba sai ka ji abin har haƙoranka.

Na ce, "Yallaɓai, robar nan lafiyarta ƙalau."

"Canja dai."

"Zan canja, aikina ne. Amma waɗancan sandunan kada ka saya, ba sa yafe kuskure, kai kuma kana bukatar masu yafiya. Aikin ma kada ka bari. Bugun da ka yi jiya shi ne bugunka."

Fuskarsa ta canja nan take. Ya ce, "Rana ɗaya za ka ɗauka ka shafe shekara biyu da ita? Furo, ban zaci haka daga wurinka ba. Ku da kuka riga shiga, ba kwa son wani ya shigo." Ya ce ranar Juma'a zai miƙa takardar, in na ga dama in sa hannu, in ban gani ba akwai wasu.

Maganar ta yi min zafi ƙwarai. Da hassada ya jefe ni, ni da na koya masa tsayuwa. Kalma ɗaya ta rage in furta, kalmar nan kuma abincin Baba Sule ce. Na haɗiye ta, na cire robar da ba ta da laifi na sa masa sabuwa.

Bayan la'asar na rufe shago na hau babur zuwa Unguwar Gano. Na tarar da Baba Sule a kan benci a ƙofar gida. Na gaya masa yadda muka yi, na ce dabarata ta ƙare, kuma ba zan bari mutumin nan ya miƙa takarda cikin duhu ba. Ko ni in faɗa, ko shi.

Ya ce, "In kai ka faɗa ba zai yarda ba, zai ƙara cewa hassada ce. Bar ni in nuna masa."

"Ka san in ya kai ƙara ba ni da yadda zan yi."

"Na sani. Ni na ɗaura, ni zan kwance."

Alhamis da yamma muka haɗu mu uku a birawun ɗin gwaji da ke bayan zauren mambobi, lokacin ba kowa a wurin. Mista Ayuba ya zo daga ofis kai tsaye, a zatonsa sabuwar robar za a gwada. Baba Sule ya ajiye ƙwallo nesa da rami, ya ja katako ya je ya dawo, sannan ya zare lemar da ke jikin jaka ya miƙa masa.

"Yallaɓai, buga da wannan."

Mista Ayuba ya yi dariya. Ya juya lemar, ya taɓa ƙwallon da lanƙwasar mariƙinta cikin wasa, ko saiti bai yi ba. Ta fita a karkace, ta gyara, ta faɗa rami. Ya ƙyalƙyale da dariya ya dube ni. Baba Sule ya mayar da ƙwallon ya ce ya sake. Ta sake faɗawa. A ta uku dariyar ta ƙare.

Sai Baba Sule ya goge wurin da ƙafa, ya ja katakon sau ɗaya, ya miƙa masa fotar da sabuwar robarta. Mista Ayuba ya tsuguna ya duba, ya miƙe ya saita, ya buga. Ta wuce ta hagu. Ya sake, ta wuce ta dama. Baba Sule ya ƙara yin lambatun a gabansa, a hankali, yana nuna masa yadda hannu ke karkata, ya ce ya sa tafinsa ya shafa yashin. Ya durƙusa da wandon ofis ya shafa. Hannunsa ya daɗe a wurin.

"Tun yaushe?" in ji shi, bai ɗago ba.

"Tun asibiti, Yallaɓai."

"Kofunan fa?"

"Duka."

Ya miƙe ya ce, "Baba Sule, ka mai da ni abin dariya. Shekara biyu ina ta murna kuna kallona."

Baba Sule ya ce, "Wallahi ba wanda ya sani sai Furo, shi ma Asabar ɗin nan ya gani. Ban yi don in wulaƙanta ka ba. Ka ba 'yata jinin jikinka, ni kuma ba ni da komai sai wannan katako. Ban san zai kai ka ga barin aiki ba. Ka kai ƙarata a kore ni, na yarda. Amma don Allah gobe ka je ofis ka zauna a kujerarka."

Mista Ayuba ya juya mana baya. Ya saɓi jakarsa da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya jefa ta a mota ya tafi.

Juma'a ta zo ta wuce ban ji komai ba. Ban kira shi ba, don mutum in ya ji kunya irin wannan ba ya son jin muryar wanda aka yi a gabansa. Baba Sule ya riƙa zuwa fili kullum yana zama a rumfa, ba ya ɗaukar jakar kowa, yana jiran a kira shi ofishin kyaftin, wato shugaban 'yan wasan kulob. Madam ma shiru. Tsorona shi ne kada fushi ya sa mutumin ya miƙa takardar don kawai ya nuna mana.

Sai da sabon wata ya shiga na ga motarsa ta tsaya a ƙofar shagona. Ya fito da katin shaidar ofis rataye a wuyansa. Katin na fara kallo kafin fuskarsa, na yi hamdala a zuci.

Ya ce, "Furo, na ce maka mai hassada. Ka yafe ni."

Na ce, "Ya wuce, Yallaɓai. An faɗa min abin da ya fi wannan a kan ƙwallon da ba ta kai wannan ba."

Ya ɗan yi murmushi ya zauna. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ya tsaya a gaban matarsa da yayansa ya ce musu ba su san wasan ba. Kofunan kuwa ya riga ya mayar wa kyaftin, ya ce masa lambobinsa ba daidai ba ne, a goge a sake auna shi daga farko. Kyaftin ya matsa sai ya ji dalili, shi kuma ya ce iyakar abin da zai faɗa ke nan. Madam Rahila ba ta zo ta ce komai ba, ta dai aiko min da kula cike da gwate, irin faten garinsu, muka cinye da masu walda.

Ni ma na yi nawa, don ba zan ga ɓarna in kau da kai ba. Na kai shawara gaban kwamiti suka karɓa, cewa a duk gasa mai jakar abokin karawa ne zai share wa mutum hanya, kuma ja ɗaya. Na tara masu jaka na gaya musu dalilin dokar ba tare da na kama sunan kowa ba. Baba Sule kuwa na karɓe katakon daga hannunsa, na ce jaka zai ci gaba da ɗauka in ya sami mai ba shi, amma shara ta ƙare masa a filin nan. Bai yi musu ba.

Asabar ɗin da ta biyo Mista Ayuba ya leƙa rumfa. Ya ce, "Baba Sule, ɗauko jaka. Katakon ni zan riƙe." Tun daga ranar, in ba gasa ake ba, mataimakin darakta guda shi ke share hanyarsa da hannunsa. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai an rage masa matsayi, bai kula su ba. Lambarsa ta hau ta tsaya a sha ɗaya, inda na ce. Siraran sandunan bai saye su ba, albashinsa ya ci gaba da shigowa, manyan yaran suka gama jami'a.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wasan nan mutum ba ya ganin bugun kansa, mu ne idonsa. Mambobi suna zuwa ne don su ji daɗi, kuma ba laifi mu faranta musu. Amma in mai jaka ya ɗan ƙara, mai sayar da sanda ya ɗan ƙara, mai koyarwa ya yi shiru, sai mutum ya ɗauki rayuwarsa kacokan ya ɗora a kan abin da babu. Ban san wanda yake ƙaunar Mista Ayuba kamar Baba Sule ba, kuma saura ƙiris ya raba shi da abincin iyalinsa. In kuna son kyautata wa mutum, ku riƙe masa jaka da kyau, ku nemo masa ƙwallonsa, ku gaya masa gaskiyar nisa da gaskiyar sandar da ta dace da hannunsa. Lambar kuwa ku bar masa tasa, komai girmanta.

Da damina ta sauka a shekarar, wata rana ina wucewa ta rami na tara na gan su. Mista Ayuba ya share hanyarsa, doguwa ce, daga wannan gefen birawun zuwa wancan. Ya ajiye katako, ya saita, ya buga. Ƙwallon ta yi ta tafiya kamar ba za ta kai ba, ta je bakin rami ta ɗan yi jim, ta faɗa. Ya bi ramin da kallo. Sannan ya juya ya dubi Baba Sule, wanda ke can gefe riƙe da jaka.

"Baba Sule, wannan tawa ce?"

Dattijon ya jingine jakar a ƙafarsa, ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna masa tafukan. "Taka ce, Yallaɓai. Ko kusa ban je ba."

Mista Ayuba ya sunkuya ya ciro ƙwallon daga rami, ya goge baƙin man da gefen rigarsa, ya sa ta a aljihun gaba. A rami na goma wata ƙwallon ya ciro ya buga.